Shawara: Ina So In Sayar Da Gidana Na Kano In Koma Tsaunin Mambila

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, shekarata 59, saura 'yan watanni in ajiye aiki. Bara da bazara, lokacin da zafi ya kai mana iya wuya, wani abokina ɗan kasuwa da muka yi makaranta tare ya gayyace ni tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Na yi mako guda a wani ɗan ƙauye tsakanin Nguroje da Gembu. Tun da nake ban taɓa ganin ƙasa mai kyau irin wannan ba, a watan Afrilu da bargo nake kwana. Yanzu abokin nawa ya ce akwai fili hekta 10 a gefen ƙauyen, babu kowa a kai, kuma kuɗinsa ko fuloti ɗaya ba zai saya ba a unguwarmu. Ya turo mini hoton takardar ciniki mai sa hannun jauro, wato mai garin ƙauyen, ta WhatsApp. Ya ce da zarar an fara aikin madatsar ruwan nan ta samar da wutar lantarki a Mambila farashi zai ninka, kuma mai filin yana gaggawa. Niyyata in sayar da gidan da muke ciki, in haɗa da giratuti, in yi gini a can, in dasa fiya da kofi, in noma dankali, in ajiye 'yan shanu. Uwargida ta ce ba inda za ta. Tana fama da hawan jini, kuma ƙananan yaranmu biyu suna sakandare. Manyan 'ya'yana sun ce na ruɗe. Ni dai na gaji da birni. Me ka gani?

Malam I., Kano

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayar da gidan Kano. Na fara da wannan ne don ko ka gaji da karatu a hanya, ka riga ka ji amsar.

Ba na cikin masu cewa ka ruɗe. Duk wanda ya baro Serti, ya wuce Mayo Selbe, mota ta fara nishi tana hawan dutsen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe, ya ji iska ta sauya masa kafin ya isa Maisamari, ya san abin da ya kama ka. Tsaunin ya kai wajen mita 1,600 daga teku, wajen Nguroje ya fi haka, kuma Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya da mita 2,419, yana can kusa a kan iyakar Kamaru. Bakanon da ya kwana da bargo a Afrilu dole ya dawo gida da tunani.

Sai dai a Afrilu ka je, ruwan farko ya wanke ƙura, ciyawa ta yi shar, hanya ba ta lalace ba tukuna. Kuma a matsayin baƙo ka je, ana kawo maka abinci ana kai ka yawo. Mambilar da za ka zauna a cikinta ita ce ta Agusta. Ruwan da ake samu a can a shekara ya kai ninki biyu na Kano, kuma damina tana jan wata bakwai ko fiye. Akwai ranar da hazo zai rufe gari har hantsi ba ka ganin gidan maƙwabci. Wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Takalmin da ka ajiye a ƙarƙashin gado ka ɗauko shi ya yi funfuna. Da ka sauka daga kwalta, jar ƙasar nan ta zama taɓo mai santsi, ɗan acaɓa ya ce ka sauka ku tura, kuma a nan za ka gane dalilin da ya sa tsofaffin Land Rover da aka daina gani a ko'ina har yau suke cin kasuwarsu a kan tsaunin. Wasu sun ga wannan duka suka ce sun ji sun gani. Wataƙila kana cikinsu, amma ba ka gwada ba tukuna.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka kalma huɗu ce: "babu kowa a kai." Malam, a Mambila babu filin da ba shi da mai shi. Tudun da ka gani fetal, ciyawa har iya ganinka, ko dai wajen kiwon wani ne, ko saurar wani gida ce da aka bari ta huta, ko burtali ne da shanu ke bi zuwa mashaya, ko kuwa yana cikin takardar wani babban mutum da bai taka wurin ba shekara ashirin. Wani lokaci duka huɗun ne a fili ɗaya.

Dalilin haka yana da tarihi. Manoma 'yan ƙabilar Mambila sun daɗe a wurin, tare da 'yan ƙabilar Kaka da sauran maƙwabtansu. Da yake ƙudan tsando ba ya hawa can, ga ciyawa ga ruwa, tun wajen shekarun 1940 Fulani suka fara hawowa da garkensu, suka zauna, suka haifi 'ya'ya da jikoki, su ma ba su san wani gida ba sai nan. Daga baya, musamman a shekarun 1970 da 1980, masu hannu da shuni da manyan ma'aikata suka samo takardu a kan manyan filaye suka kewaye. Ka tuna wayar nan mai ƙaya da ka gani an ɗaɗɗaure a turakun zaiti, wato bishiyar turare, tana bin tudu tana gangara kwari? Ita ce labarin. Jama'a ta ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba, manomi yana ganin an matse shi a cikin kwari, makiyayi yana ganin ana cinye masa wajen kiwo da garma. An zubar da jini a farkon 2002, an sake a Yunin 2017, kuma har yau kowane ɓangare da nasa lissafin na waɗanda aka kashe. Ba na faɗa maka wannan don in tsorata ka ba, kullum mutane suna cin kasuwa tare a Nguroje da Gembu, suna auratayya. Amma mutumin da ya zo daga Kano da kuɗi a aljihu, bai san kowa ba sai aboki ɗaya, ya kafa waya a hekta 10 a gefen ƙauye, ya shiga tsakiyar maganar da ta girme shi, ko da kuwa bai nufi kowa da sharri ba. Hausawan da suka yi ƙarfi a kan tsaunin, ka bincika ka ji, yawancinsu da shago suka fara, ko da sayen hatsi da shanu, aka san su aka san halinsu, sannan gona ta biyo baya.

Sai takardar da aka turo maka. Sa hannun jauro yana da amfani ƙwarai, domin ba za ka zauna lafiya a ƙauye ba in bai san da kai ba. Amma shaida ce kawai cewa an yi ciniki a gabansa, ba ita ce mallaka ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar haƙƙin zama irin na gargajiya, har zuwa hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo, kuma ba a mayar da wannan haƙƙi hannun wani sai da amincewarta. In kuwa filin yana ƙarƙashin takardar gwamna ne, sai da yardar gwamna. Wato kenan hoton da ke cikin wayarka bai tabbatar da komai ba. Sayen fili da shi cinikin biri a sama ne.

Tambayar farko ita ce: ta yaya mai sayarwa ya sami filin? Gado ne, saye ne, aro ne, ko jingina? A ƙauye mutum yakan noma wuri shekara talatin, kowa yana kiransa gonar wane, alhali aro ne kakansa ya karɓa, kuma masu asalin wurin suna nan suna kallo. In gado ne, an raba? In ba a raba ba, ɗa guda ba shi da ikon sayarwa, kuma ranar da ka fara gini ita ce ranar da ƙanensa da ke Jalingo ko Yola zai bayyana da tasa maganar. Sai ka ga dukkan magada, mazansu da matansu. Sai an zaga iyaka da ƙafa, da rana tsaka, tare da maƙwabtan kowace kusurwa, ba tare da dillali kaɗai ba. Sai ka je ka gai da arɗon yankin ka tambaye shi ko shanu na bi ta wurin, domin in burtali ne, takarda ba ta hana saniya shan ruwa. Sai ka je ofishin ƙasa na ƙaramar hukumar Sardauna a Gembu, sannan ma'aikatar ƙasa da safiyo a Jalingo, a duba ko wurin bai faɗa cikin wata tsohuwar takarda ba, ko cikin gandun daji irin na Ngel Nyaki da ke kusa da Yelwa. Har itatuwan da ke ciki ka tambaya. Zaitin da ke bakin iyaka yakan zama na wanda ya dasa shi, kuma kuɗi ne, ana sayar da shi katako da itacen girki. In akwai marmaro a filin, ka san cewa matan ƙauye za su ci gaba da ɗiban ruwa a wurin, kuma ranar da ka tare su ka gama zama da mutane. Lauya kuma naka za ka ɗauka, wanda kai ka biya, ba wanda aka haɗa ka da shi ba.

Ban ce abokinka macuci ne ba. Yana iya yiwuwa shi ma abin da aka faɗa masa yake faɗa maka. Amma ka tambaye shi baki da baki ko yana da la'ada a cinikin. Ba abin kunya ba ne, kasuwa ce, sai dai ya kamata ka san da wace hula yake ba ka shawara. Gaggawar mai fili kuwa, tasa ce. Sau da yawa mai gaggawar sayar da ƙasa yana so ne a gama kafin wani ya ji.

Maganar madatsar ruwa, ka cire ta daga lissafinka gaba ɗaya. Fiye da shekara 40 ana ambatonta. A 2017 an sa hannu a kwangilar kusan dala biliyan 5.8 da kamfanonin Sin don samar da megawat 3,050, aka yi ta murna, daga baya magana ta koma shari'a a gaban masu sasanci a birnin Faris, har aka zo ana batun rage girman aikin. Yaran da aka haifa ana cewa an kusa farawa, yau suna da nasu 'ya'yan. Ko an fara gobe ma, akwai abin da masu sayen fili don jiran diyya ba sa so su ji: in gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, abin da doka ta ce a biya shi ne gini da amfanin gona da aikin da aka yi a wurin. Ciyawa ba ta da diyya.

Noman fa? Ƙasar tana bayarwa, ba musu. Masara, wake, gwaza, ayaba, kabeji, ba za ka kwana da yunwa ba. Amma ba cin abinci kawai ka je yi ba, kana so gona ta riƙe gida, kuma a nan hanya ce ke yanke hukunci, ba ƙasa ba. Fiya mai aure tana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara 'ya'ya, wadda aka shuka daga ƙwallo ta fi haka. In ta zo, ta kowa ce ke zuwa a lokaci guda, kuma ba ta jira. Mai mota ya hau tsauni ya faɗi farashinsa, in ka ƙi ya wuce gaba, bayan kwana kaɗan ka zuba wa awaki. Fiyar da kake saye da tsada a 'Yan Lemo, mafi yawan kuɗin nan na mota ne da asarar hanya, manomi kaɗan ya gani. Kofi ma shekara uku zuwa huɗu ne. Tsaunin ya dace da irin Arabika, amma tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 manoma da yawa suka yi watsi da shi, don babu tsayayyen mai saye. Kada ka dasa ko ɗaya sai ka san wanda zai karɓa da kuma yadda yake so a wanke a shanya. Shayi yana da masana'anta a Kakara, inda ake yin Highland Tea, kuma akwai ƙananan manoma da ke kai mata ganye. Sai dai ganyen da aka tsinka da safe dole ya isa a ranar, don haka nisan gonarka da wurin awo shi ne komai, kuma mai saye ɗaya ne. Dankalin turawa yana son sanyi, amma laimar damina tana kawo cutar da ke ƙone ganyensa cikin 'yan kwanaki, sai da feshi a kai a kai. Ƙasar tudu kuma tana da tsami, ruwa ya wanke ta, tana cin taki, shi ya sa mutanen wurin suke rububin kwari. In filin nan hekta 10 yana da araha haka, ka tambayi kanka me ya sa manoman ƙauyen, waɗanda suka fi ka buƙatar gona, ba su saya ba. Akwai reshen cibiyar binciken koko ta ƙasa a Kusuku da ke aiki a kan shayi da kofi. Wuni guda da ma'aikatan wurin ya fi maka hirar dillali ta wata guda.

Shanu su suka fi saurin mayar da kuɗi a can, kuma su suka fi saurin jawo faɗa. Baƙo ba ya farawa da su.

Ka lura da wani abu da masu sha'awar ƙauye ba sa lissafawa: shiga da sauƙi, fita da wuya. Siminti da rodi da kwano duk sai an hau da su dutse, don haka ginin zai ci fiye da na Kano. Wuta sai ka sa sola, ruwa sai ka jawo. Ranar da ka gama, gidan ba zai sayu da rabin abin da ka kashe ba, domin mutumin ƙauye yana gina nasa da tubalin ƙasa da katakon zaiti, ba ya neman mai tayil, mai kuɗin birni kuma ba ya neman gida a inda mota ba ta shiga da damina. Gidanka na Kano kuwa, ko yau ka sa shi kasuwa akwai mai saye, ko ka ba da haya akwai mai kamawa, kuma kullum daraja yake ƙarawa. Ga giratuti, kai da ka yi aikin gwamnati ka fi ni sanin cewa ba ranar da aka ce ake biya ba. In ka sayar da gida, kuɗin ya nutse a gini da dashe, giratuti ya makara, fiya saura shekara uku, da me za a biya kuɗin makaranta?

Yanzu Hajiya. Ka rubuta maganarta a layi ɗaya kamar wani cikas, alhali ita ce ta fi kowa lissafi a gidan. Mai hawan jini tana buƙatar awo a kai a kai da maganin da ba ya yankewa. Akwai asibiti a Gembu, amma in abu ya yi tsanani sai an gangaro Jalingo, tafiyar da ke cinye wuni, ballantana a ce da dare ne cikin ruwa daga ƙauyen da ba kwalta. Bayan lafiya, kai za ka fita gona, ka je masallaci, ka zauna majalisa. Ita fa? Ta bar 'yan'uwanta, da Islamiyyarta, da bikin wance da sunan wance, ta zauna cikin hazo tsakanin matan da Fulatanci da Mambilanci suka fi yawa a bakinsu. Ana jin Hausa, amma jin Hausa daban, samun abokiyar sirri daban. Gidan da kake shirin sayarwa, ita ma ƙuruciyarta a ciki ta ƙare. Ka daina neman wanda zai lallashe ta. Ka zauna ka tambaye ta abin da take tsoro, ka bari ta gama magana. Yaran nan biyu kuma a bar su su gama sakandare a inda suke.

Ni abin da na karanta a wasiƙarka shi ne kana gudun abu biyu: bazarar Kano, da zaman banza bayan ritaya. Dukansu ana maganinsu ba tare da an sayar da gida ba. In ka ajiye aiki, ka hau a watan Yuli kai kaɗai, ka kama ɗaki a Nguroje ko Gembu, ka zauna har ruwa ya ɗauke. Ka karɓi hayar 'yar gona, hekta ɗaya ta isa, a rubuce, da shaidu, da sanin jauro. Ka noma masara da dankali, ka riƙe littafi ka rubuta kowace naira, har da kuɗin acaɓa da na 'yan ƙwadago da abin da ya ruɓe. Ka yi salla a masallacin ƙauyen, ka je jana'iza, ka koyi gaisuwa da harshen mutane. Cikin wata huɗu za ka ji labarin filin nan daga bakin da ba na dillali ba, ba tare da ka tambaya ba. Da hutun Disamba ka gayyaci Hajiya da yara su zo su gani, a matsayin yawon buɗe ido, ba a matsayin tarko ba, kuma ka saya musu rigunan sanyi na kirki, don daren Disamba a can ba wasa ba ne.

In bayan wannan zuciyarka tana nan, ka sayi ƙarami: fuloti a bakin kwalta ko cikin gari, inda za ka iya sayarwa in ta ɓaci, da 'yar gona kusa da ruwa wadda ka san tarihinta. Kada abin da za ka zuba ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na giratuti, kuma sai ya shigo hannu. Ka gina ɗaki biyu irin na mutanen wurin. Maris zuwa Mayu kana can, sauran shekara kana zirga-zirga, gidan Kano yana nan da Hajiya a ciki.

Abokinka kuma, ka kira shi yau ka ce ya turo maka sunan wanda mai filin ya gada ko ya saya daga hannunsa, da sunayen maƙwabtan iyaka ta kowace kusurwa, da lambar takardar ƙaramar hukuma in akwai. Ka gaya masa ba za ka tura ko sisi na kafin alƙalami ba sai lauyanka ya je Gembu ya dawo.